Doguwar Tafiya da Tsohuwar Mota: Daga McLeansville Zuwa Bakin Kogin Misisipi

Jama'a masu sauraro, maza da mata, na Greensboro da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da kuma waɗanda muryarmu ke iske su can gida, Maraɗi ko Katsina, Damagaram ko Kano, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa cikin wannan shiri namu na faɗakarwa.

Yau zancenmu a kan wata al'ada ce ta mutanen ƙasar nan ta Amurka, wadda da yawa daga cikinmu muka daɗe muna ganinta a gefen titi ba mu taɓa tsayawa mun yi mata kallon natsuwa ba, wato a ɗauko motar da ta shekara hamsin ko sittin da ƙerawa, a gyara ta, a goge ta, a ɗora ta bisa hanya, a yi tafiyar kwana da kwanaki da ita. Wanda duk ya zauna McLeansville, wannan ɗan ƙauye na gundumar Guilford da ke gabas da Greensboro, inda ni ma Allah Ya ajiye ni, ba zai rasa ganinsu ba ranar Asabar da hantsi idan sanyi ya wuce: ga Chevrolet ta 1957 mai fiffike a baya, ga Ford Mustang irin ta farko, suna bin hanya mai lamba 70 a hankali, dattijo a sitiyari, matarsa a gefe. A cikin Greensboro ma akwai wurin gwanjon irin waɗannan motoci, wanda ake kira GAA, inda masu sha'awarsu ke taruwa daga jihohi masu nisa.

Bahaushe idan ya ce "tsohuwar mota", galibi zagi yake nufi. Akwala ce, gwangwani ce, abin da ake turawa da safe. Amma in mun yi wa kanmu adalci, mu ma muna da tarihi mai tsawo da irin waɗannan motoci. Wane ne cikin manyanmu bai san Fijo 404 ba, musamman akori-kurarta da ke ɗaukar buhunan gero ranar kasuwa? Wane ne bai shiga 504 ba, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa haɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, har ta zama motar gwamnati, motar amarya, motar tasha? Mutanen Agadas da Arlit suna tuna zamanin da Turawa ke koro tsofaffin Fijo daga Faransa, su ratso Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka, su sayar, su koma gida a jirgi. Kafin wannan kuma, iyayenmu alhazai sun hau manyan motoci daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, zuwa Abeshe, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Ilimin doguwar tafiya da mota mai rauni, ashe gadonmu ne, sai dai mun fara sakinsa tun da muka sami motocin da kwamfuta ke lura da su a madadinmu.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wata tafiya da na yi shekarun baya tare da wani dattijo maƙwabcina, mutumin Maraɗi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan Fijo tsakanin Maraɗi da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kafin 'ya'yansa su ɗauko shi su kawo shi nan. Baba nake ce masa, shi kuwa yana ce mini Malam. Wata rana ya sami labarin wata 504 da aka ajiye cikin rumfa a wata gona, don kuwa an sayar da 504 a Amurka tun daga farkon shekarun 1970 har zuwa farkon na 1980, kamfanin bai janye daga kasuwar ƙasar nan ba sai 1991. Ya saye ta, ya shafe kusan shekara yana kwance ƙarƙashinta. Da ya gamsu, sai ya ce mini, "Malam, mota ba ta faɗin gaskiya a ƙofar gida. Zo mu kai ta inda za ta yi magana." Muka yanke shawarar zuwa Memphis, bakin kogin Misisipi, tafiyar da ta haura mil 650 ko da an bi miƙaƙƙiyar hanya, mu kuwa ba ita muka yi niyyar bi ba.

To, jama'a, a nan ne nake so ku ba ni aron kunnuwanku sosai, domin shirin da Baba ya yi kafin mu tashi shi ne rabin darasin yau. Malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana zuwa ne bayan riƙo da sababi, kuma wanda ya ɗauki rai a cikin motarsa, nasa ko na wani, ya ɗauki amanar da za a tambaye shi. Dokar wannan jiha ta North Carolina ta yi wa motar da ta kai shekara 30 rangwame: ana iya ba ta lamba ta musamman ta tsofaffin motoci, a ɗauke mata binciken lafiya na shekara-shekara. Ni a ganina wannan rangwame ƙarin nauyi ne a wuyan mai mota, tun da hukuma ta cire hannunta ta bar shi da Ubangijinsa da kuma mutanen da zai haɗu da su a hanya.

Da taya ya fara. Tayoyin da ya tarar a jikin motar zanensu na nan raɗau kamar ba a taɓa taka su ba, amma ya cire su duka har da safaya, ya ce roba tana tsufa ko tana aiki ko tana kwance, kuma tsohuwar taya ba ta yin sallama kafin ta fashe. Ga wanda bai sani ba, a gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da haruffa DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko makon da aka yi ta ne, biyun ƙarshe shekara, haka ake rubutawa tun shekarar 2000. In ka ga 1219, to an yi ta mako na 12 na 2019. In kuwa lambobin uku ne kacal, tayar ta girmi wannan ƙarni, kada ka yarda ka hau babbar hanya da ita.

Daga nan sai birki, wanda ya fi daɗewa a kansa. Man birki yana shan laima daga iska sannu a hankali, kuma man da ya sha ruwa, idan ya yi zafi a gangara mai tsawo, tafasa yake yi, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu abin da ya kama. Saboda haka ya zubar da tsohon man gaba ɗaya, ya sauya tiyo-tiyon roba. Masu sha'awar motocin Amurka na shekarun 1950 da farkon 1960 su ƙara lura da wani abu: yawancinsu hanyar man birkinsu ɗaya ce tak, wadda in ta huje a wuri guda, ƙafafu huɗun duka sun rasa birki lokaci ɗaya, sai a ƙarshen shekarun 1960 doka ta wajabta raba ta biyu. Haka nan bel ɗin ɗaure jiki, sai a 1968 ya zama wajibi a sababbin motoci. Wanda motarsa ta riga wannan doka, ya sa mata bel kafin ya sa ɗansa a ciki, ko da masu son asali za su ce ya ɓata mata kama.

Akwai kuma mas'alar fetur, wadda ta fi ɓoyuwa. An ƙera waɗannan injuna ne a zamanin da ake zuba dalma cikin fetur, abin da aka haramta wa motocin hanya a Amurka tun farkon 1996 saboda gubarta, gubar da mu 'yan Arewa muka ga ɓarnarta a kan yaran Zamfara. Fetur ɗin da ake sayarwa yau a yawancin gidajen mai yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na sinadarin itanol da ake samu daga masara, shi kuwa yana jawo laima, yana cin tsohuwar roba ta tiyon mai da ta cikin kafireto, kuma yana saurin zama tururi idan inji ya yi zafi, har mota ta mutu a tsakiyar cunkoso ta ƙi tashi sai ta huce. Baba ya sauya kowane tiyo da irin na zamani, ya wanke tanki, ya sa sabuwar matatar mai. Sannan ya cika but da abin da ya kira guzurin mota: fanbel biyu, filogi, kwantak, kwayil, tiyon lagireto, galan na ruwa, baƙin mai, man birki, jak, sifanu, waya, tocila, da abin kashe gobara. Ya ce a Jibiya in 504 ta lalace, yaro ma zai kawo maka kayanta, a tsaunukan Amurka kuwa sai ka yi mako kana jiran ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba.

Muka tashi bayan sallar asuba. Kusa da McLeansville manyan hanyoyi biyu, ta 40 da ta 85, suna tafiya a haɗe, kuma ta 40 ɗin nan, wadda ta taso daga Wilmington a bakin teku, ba ta tsaya ba sai Barstow ta jihar Kalifoniya, tsawon fiye da mil 2,500. Asalin waɗannan hanyoyi dokar 1956 ce da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu, shi da tun yana matashin hafsa a 1919 ya bi ayarin motocin soja daga Washington zuwa San Francisco, suka yi kwana 62 suna fama da laka da karyayyun gadoji. Hanyoyi ne masu albarka ga mai sauri. Tsohuwar mota kuwa, wadda ba a yi ta don ta wuni tana gudun mil 70 tsakanin tireloli ba, ta fi samun sakewa a tsofaffin hanyoyi irin ta 70, wadda aka ba lamba tun 1926, mai ratsa tsakiyar garuruwa. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara.

Kafin mu fita Greensboro na roƙi Baba mu bi ta titin Gorrell, mu tsaya gaban wani tsohon gida da ake kira Magnolia House, domin akwai abin da ba na so mu wuce shi, ba na kuma so ku masu sauraro ku wuce shi. Waɗannan motoci na shekarun 1950 da muke sha'awa yau, a zamaninsu baƙar fata yana iya sayensu da kuɗinsa, amma a jihohin Kudu ba shi da tabbacin inda zai kwana, ko inda zai ci abinci, ko inda matarsa za ta kama ruwa. Akwai garuruwan da ba a yarda rana ta faɗi baƙar fata yana cikinsu ba. Iyalai sukan tashi cikin dare da dafaffen abinci da barguna da galan na fetur, don kada larura ta tsayar da su inda za a wulakanta su. Saboda haka ne wani ma'aikacin gidan waya na New York, Victor Hugo Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936, wanda aka sani da Green Book, yana jera masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da ke karɓar baƙar fata, aka yi ta buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Wannan gida na Magnolia yana cikin littafin, kuma mashahuran mawaƙa irin su Louis Armstrong da Ray Charles sun kwana cikinsa. Tafiya kaɗan daga nan, a titin Elm, tsohon kantin Woolworth yake, inda ranar 1 ga Fabrairu 1960 ɗalibai huɗu na kwalejin A&T, Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a teburin cin abinci na Turawa suka ƙi tashi. Sai a 1964 dokar ƙasa ta haramta irin wannan wariya a masaukai da wuraren cin abinci. Mu da muka zo daga baya, muke tsayawa inda muka ga dama mu sha mai, mu kama ɗaki, har mu shimfiɗa darduma, mun tarar da hanya a share ne, wasu suka share ta da hawayensu, kuma haƙƙinsu ne a kanmu mu san sunayensu, mu sanar da 'ya'yanmu. Baba ya daɗe yana duban gidan, sannan ya ce, "Ashe su ma fatake ne, Malam, sai sun san zangon da zai karɓe su kafin su ɗaura kaya."

Muka bi hanya mai lamba 421 ta Winston-Salem da Wilkesboro, ƙasa shimfiɗe da gonaki, har muka iso gindin tsaunukan Blue Ridge inda hanya ta fara hawa zuwa Deep Gap. A nan motar ta yi maganar da Baba ya ce za ta yi. Ni ban ji kome ba, amma shi, wanda idonsa bai rabu da allurar zafi ba tun Wilkesboro, sai ya miƙa hannu ya kunna hita har ƙarshe cikin wannan rana, ya sauke gilasai, ya nemi wuri mai faɗi ya ratse. Hikimar kunna hita, kamar yadda ya bayyana mini daga baya, ita ce tana janye wani kaso na zafin ruwan inji zuwa cikin mota, ta ba direba 'yan mintoci ya sami wurin tsayawa. Da ya ɗaga bonet na kai hannu wajen murfin lagireto, ya riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "A'a, Malam! Wannan murfi ya ƙona fuskoki da yawa a hanyar Katsina." Jama'a, ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: ruwan lagireto mai zafi a matse yake, in aka buɗe murfin sai ya yi tsiri sama da tururi, ya sale fata. A jira sai inji ya huce, a sa tsumma mai kauri, a murɗa kaɗan-kaɗan. Muka zauna kan ciyawa kusan awa guda. Ashe fanbel ne ya saki, ya daina juya famfon ruwa yadda ya kamata. Muna cikin ɗaure shi sai ga wani tsohon manomi Bature ya tsaya da motarsa, ya sauko da jarkar ruwa ba tare da mun roƙa ba, ya zagaya Fijo sau biyu yana shafa ta, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana saurayi. Shi da Baba ba su da harshe ɗaya na kirki, amma sun yi rabin awa kansu a haɗe ƙarƙashin bonet. Na lura a tafiyar nan duka cewa tsohuwar mota tana buɗe bakin mutane; duk inda muka tsaya sai wani ya matso ya yi tambaya, daga mota a koma ƙasarmu, daga ƙasarmu a koma hular Baba.

Daga Deep Gap muka hau hanyar da ake kira Blue Ridge Parkway, wadda in da za a ce an yi wata hanya a duniya musamman don tsohuwar mota, to ita ce. Tsawonta mil 469, daga jihar Virginia zuwa ƙasar ƙabilar Cherokee. An fara ta a 1935, lokacin da gwamnati ke neman wa jama'a aikin yi saboda karayar tattalin arziki, ba a kammala ba sai 1987, da aka buɗe gadar Linn Cove mai lanƙwasa a jikin dutsen Grandfather. Ba a wuce gudun mil 45 a kanta, ba motocin dakon kaya, ba allunan talla, ba kuma gidan mai, sai an sauka gari, don haka kada tanki ya yi ƙasa da rabi. Guguwar Helene ta watan Satumba 2024 ta yi mata mummunar ɓarna, saboda haka mai niyya yanzu ya bincika sassan da ke buɗe kafin ya tashi. Da muka doshi dutsen Mitchell, mai tsawon ƙafa 6,684, wanda babu mafi tsawo gabas da Misisipi, sai ƙarfin motar ya ragu, abin da ba cuta ba ne: iska ta yi ƙaranci a sama, kafireto kuwa ba shi da dabarar rage mai da kansa kamar injin zamani. A gangara kuma Baba bai dogara da birki ba. Ya mai da giya lamba biyu ya bar inji yana riƙe motar, yana taɓa birki jefi-jefi.

A ɗaya daga wuraren tsayawa na bakin hanyar, inda tsaunuka suka jeru shuɗi bayan shuɗi har ƙarshen gani, muka yi alwala da ruwan galan, muka fuskanci arewa maso gabas, don nan ce alƙibla a wannan yanki, muka yi ƙasaru. Ina tunatar da matasanmu wannan rahama, domin na ga wasu suna barin salla gaba ɗaya a hanya saboda jahiltar sauƙin da shari'a ta yi musu. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo, tafiyar da ta kai mil 48 na ma'aunin malaman fiƙihu, wato wajen kilomita 80, ana mai da azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu, daga lokacin da matafiyi ya bar gidajen garinsu, har sai ya komo, ko ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani wuri. Wanda ya nufi yamma kuma ya sani cewa tsakanin Knoxville da Nashville agogo yana komawa baya da awa ɗaya, don haka ya dubi rana da jadawalin garin da yake, kada ya riƙe lokacin Greensboro.

Muka kwana Asheville, muka ƙarasa Cherokee, inda zuriyar waɗanda suka tsira daga korar 1838 ke zaune har yau, bayan an tasa 'yan'uwansu dubbai zuwa Oklahoma, da yawa suka mutu a hanya. Muka haye ta Newfound Gap zuwa jihar Tennessee, muka wuce Knoxville da Nashville, kullum muna tashi da sassafe, muna hutar da mota da tsakar rana, ba ma tuƙin dare saboda fitilun wancan zamani ba su da hasken na yanzu. Kowace safiya kafin ya sha shayi, Baba zai zaro sandar baƙin mai ya duba, ya duba ruwa, ya latsa fanbel da babban yatsa, ya durƙusa ya dubi ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare.

A rana ta huɗu muka shiga Memphis, muka nufi titin Mulberry, inda masaukin Lorraine yake, shi ma ɗaya daga masaukan Green Book. A barandarsa, gaban ɗaki mai lamba 306, aka harbe Dokta Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968, kuma tun 1991 wurin ya zama gidan tarihi. Ƙarƙashin barandar an ajiye tsofaffin motoci biyu farare, Dodge ta 1959 da Cadillac ta 1968, don mai ziyara ya ga farfajiyar kamar yadda take a wancan zamani. Muka tsaya gabansu ba mai cewa uffan. Baba, wanda tun daga McLeansville bai ga tsohuwar mota ya ƙyale ta ba sai ya leƙa cikinta, wannan karon hannayensa na baya, idonsa na sama wajen barandar.

Da la'asar sakaliya muka gangara bakin Misisipi, ya ajiye Fijo tana fuskantar ruwa, injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. Ya ce kogin ya tuna masa da Kwara a Yamai lokacin cikowa. Ya ɗan dafa bonet, ya ce, "Gobe in Allah Ya kai mu, Malam, sai mu sake mata baƙin mai kafin mu juya."

Jama'a masu sauraro, lokacinmu ya cika. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya.